Iyakar gona a sararin samaniya

Mahaifina manomi ne, kuma abin da ya fi jin tsoro a duniya shi ne cin iyaka. Taki ɗaya na gonar maƙwabci, a wurinsa, kaya ne da mutum zai ɗauka ranar hisabi. Ban taɓa zaton wannan tsoron zai biyo ni ɗakin tiransimita ba.

Da aka ware zangon da ya haura megahaz 694 domin wayar salula, dole tasharmu ta sauko ƙasa. Kowace tashar talabijin faɗin megahaz 8 aka yanka mata, iyakar gonarta ke nan. Ƙarfe biyun dare muka kashe shiri, muka cire eriya, muka juya ƙarfin zuwa na'urar gwaji mai shanye shi ta mai da shi zafi. Sauya lamba a injin bai ɗauki minti biyar ba. Matatar sigina ce ta cinye daren: ƙusa bayan ƙusa, kwatan juyi, ido a kan allo, gumi na ɗiga duk da sanyin ɗakin.

Wajen asuba hoto ya fito tas, amma gefen sigina yana ɗan leƙawa zangon maƙwabta. Abokin aikina ya ce, "Malam, wa zai gani?"

Gaskiyarsa, mai kallonmu ba zai gani ba. Wani ne can, mai kallon wata tasha, hotonsa zai riƙa tsinkewa, ya zagi eriyarsa. Ni dai ina ganin haƙƙi ne, ko da wanda aka cuta bai san sunan wanda ya cuce shi ba. Iskar ma aro aka ba mu.

Muka yi salla, muka koma kan ƙusa ta huɗu.