Ƙidaya Ranar Shiga, Ƙidaya Ranar Fita

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, duk wanda ya taɓa damƙa wa yaro shago a Mile 12 ko nan Agege ya san ƙa'ida. Ranar ba da makulli sai an ƙirga kaya: buhu nawa, kwando nawa, bashi nawa ke waje. Ranar karɓa a sake ƙirgawa. In ka dawo daga gida bayan Sallah ka tarar da shi da sabon babur, ya ce maka ai kwastomomi ne suka yi masa alheri, me za ka ce? Ka tambaye shi mana, kafin ka ba shi shagon ina masu alherin suke?

Wannan tambaya ba mu muka fara ta ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah (SAW) ya tura karɓar zakka. Da ya dawo sai ya kasa kayan biyu, kashi ɗaya na baitulmali, ɗaya kuwa wai kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya nuna cewa da ya zauna gidan iyayensa ya ga ko kyautar za ta same shi can. Ya kuma yi gargaɗi cewa mai ɗaukar irin wannan zai zo ranar Alƙiyama da abin a wuyansa, ko da raƙumi ne. Sayyidina Umar ya mayar da abin tsari. Malaman tarihi sun kawo cewa yakan rubuta dukiyar gwamna ranar da ya naɗa shi, in ya ga ta yi ƙarin da ba a gane ba sai ya raba, rabi ya koma baitulmali. Ko Amru bin Al-As, gwamnan Masar, bai tsira daga wannan ba. Sahabi fa ke nan.

To, abin da da yawanmu ba mu sani ba, dokar Najeriya ma ta tanadi haka. Jadawali na biyar na tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa shugaban ƙasa, gwamnoni, ministoci, 'yan majalisa, alƙalai, har ƙananan ma'aikata, su rubuta kadarorinsu su miƙa wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata: in sun kama aiki, bayan kowace shekara 4, da kuma in za su sauka. Har da na 'ya'yansu da ba su kai shekara 18 ba. Wanda ya yi ƙarya akwai kotu ta musamman da za ta iya sauke shi, ta hana shi riƙe muƙami har shekara 10, ta ƙwace kadarar.

Doka ta yi kyau. Amma takardun suna kulle a ofis, mu masu shagon ba mu gani. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah ya jiƙansa, ya fito da tasa fili a 2007, kowa ya karanta, wajen naira miliyan 856. Doka ba ta tilasta masa ba. Mutum nawa suka bi sahunsa? Ku ƙirga da yatsu.

Yanzu bari mu dawo kanmu, don a nan gizo ke saƙa. In aka kama ɗan wani yanki da satar kuɗin gwamnati, mu ne kan gaba wajen Allah wadai a teburin mai shayi. In aka taɓa namu kuwa, nan take sai ka ji "bi-ta-da-ƙulli ne, don ɗan Arewa ne." Wani lokaci ƙila haka ne, siyasa ba abin da ba a yi. Amma ka ga lissafinsa? Kuɗin hanyar da ya haɗiye, kan wannan hanyar ce tirelar albasarka daga Aliero ke kwana uku har kaya su ruɓe. Kuɗin asibitin da ya cinye, shi ya sa kake aika kuɗin magani gida duk wata. Lokacin da wata mata 'yar babban gida daga Banu Makhzum ta yi sata, Usama bin Zaid, wanda Annabi ke matuƙar so, shi aka tura roƙo, Annabi ya ƙi. Mu su wa da za mu yi wa wani alfarma don yarenmu ɗaya?

In zaɓe ya matso za su zo, kamar yadda suka saba, da shinkafa da atamfa, wani har da alkawarin siminti na ginin masallaci. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni tsoro, domin bakin da ya ci shi ke jin kunya, kuma bakin liman ba a raba shi da na kowa ba. Ina roƙon shugabanninmu na kasuwa da iyayenmu na unguwa, duk ɗan takarar da ya zauna gabanku, kafin a yi maganar kyauta a tambaye shi gaban jama'a: takardar kadarorinka, za ka buga mu gani ko ba za ka buga ba? A rubuta amsarsa a littafin ƙungiya, da kwanan wata.

Allah ya shiryi shugabanninmu, ya shirye mu, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya kai matafiyanmu gida lafiya. Amin.