Sadaka Kawai, ko Ƴan'uwantaka?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Tun shekarar 2019 dubban bayin Allah daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi saboda ta'asar ƴan bindiga. Ƙauyukan Gidan Rumji sun tarbe su, daga baya aka zaunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma wannan baƙon ya shekara da shekaru. Shin wanda ya ba shi kwanon hatsi ya sauke haƙƙinsa?

Amsar tana Madina. Da Manzon Allah (SAW) ya ƙulla ƴan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, Sa'adu bn Rabi'i ya yi wa Abdurrahman bn Aufu tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Abin da mai hijira ya fi bukata shi ne wurin tsayawa da ƙafarsa.

A nan aikin tarbiyya yake. Zuciya tana son kyauta, domin hannun mai bayarwa yana sama kuma ana gode masa. Abin da ke yi mata nauyi shi ne ta ga baƙon ya zama tsara: ya kafa rumfa kusa da tata, ko ya ja wazifa saboda ya fi ƴan gari karatu.

Tsoron mutanen gari ba na banza ba ne. Gonaki sun yi kaɗan, layin famfo ya yi tsawo, ana fargabar ɗan leƙen asiri. Amma wanda aka ware a bayan gari shi ne ba a san halinsa ba. Wanda ake sahu ɗaya da shi sau biyar a yini, halinsa ba ya ɓuya.

Saboda haka muridi ya ara masa gona, ya tsaya masa wurin sarkin kasuwa, ya sa ƴaƴansa makarantar allo ɗaya da nasa, ya je masa suna da jana'iza. A zawiya kuma a kira shi da sunansa, a daina cewa "ɗan gudun hijirar nan".

Allah Ya mayar da zaman lafiya garuruwansu, Ya tsare namu, albarkar Annabi (SAW). Amin.