Haƙƙin Yara da Biyayya ga Iyaye: Kishiyoyi Ne?

Wata ranar Asabar da dare, bayan mun gama addu'ar iyali a gidanmu da ke Jimeta, ɗana na biyu, mai shekara 15, ya ce yana da tambaya. A makarantarsu ta sakandare akwai ƙungiyar ɗalibai masu koyon haƙƙoƙin yara, a lokacin kuwa suna shirin wasan kwaikwayo domin Ranar Yara ta 27 ga Mayu. Na zaci kuɗin kayan wasan zai roƙa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri. Me ya sa mu muke zuwa makaranta, ita ba ta zuwa?"

Wadda yake nufi tana tsugune a tsakar gida tana wanke kwanonin tuwo. Yarinya ce 'yar shekara 11, daga dangin matata, wadda aka kawo mana riƙo daga ƙauye. Ran da aka kawo ta mun yi wa uwarta alkawari za mu sa ta makaranta da zarar an shiga sabon zango. Zango uku suka zo suka wuce, tana shara da wanke-wanke da goyon autarmu.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tambaye shi ko malamansa ne suka aiko shi ya tuhumi ubansa, na kuma sallame shi ya je ya kwanta. Shi ya yi barci, ni ban yi ba. Tambayar da ta hana ni runtsawa a daren nan ita ce nake so mu auna tare, 'yan'uwa iyaye: yaron da ya koyi haƙƙoƙin yara har ya buɗe baki a kansu a gaban manya, ya fita daga biyayya ke nan?

Tsoron iyaye yana da tushe

Kada mu yi saurin raina iyayen da wannan koyarwa take ba su tsoro. Mun tashi a gidajen da yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya sa baki in manya suna magana. An koya mana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Waɗannan maganganu suna da gaskiya a cikinsu. Yaro bai san wuta ba sai ya taka, saboda haka yana bukatar wanda zai riƙe hannunsa. Uban da ya ji ɗansa yana cewa "ina da haƙƙi" yakan ji kamar an ƙwace ragamar gidansa an miƙa wa baƙi. Akwai kuma yaran da suka haddace kalmar suka mai da ita garkuwar ƙiwuya: a aike su su ƙi, a tsawata musu su yi barazanar kai ƙara.

Wasu kuma suna cewa abin duk na Turawa ne. A nan ya kamata mu san tarihin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ranar 20 ga Nuwamba 1989, Nijeriya ta tabbatar da ita a 1991. A 1990 shugabannin Afirka, a ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, suka tsara tasu yarjejeniyar domin ta dace da zaman iyali irin namu. A 2003 Nijeriya ta yi Dokar Haƙƙin Yara a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. Da yake tsarin mulkinmu ya bar sha'anin yara a hannun jihohi, dokar ta fara aiki kai tsaye a Abuja ne kaɗai, sai kowace jiha ta yi tata. Adamawa ta yi shekara 19 kafin ta kai ga haka: a 2022 Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya sa hannu a kan Dokar Kare Yara ta jiha. 'Yan majalisarmu ne suka zauna a Yola suka yi ta. Yanzu dokar gida ce.

Wanda ya karanta waɗannan takardu zai tarar ba su tsige iyaye daga kujerarsu ba. Yarjejeniyar 1989 ta amince cewa iyaye ne masu yi wa yaro jagora gwargwadon girman hankalinsa. Ta Afirka kuwa, a sashe na 31, ta lissafa abin da yake wuyan yaro: ya girmama iyayensa da manya, ya taimake su in suna da bukata, ya yi aiki domin haɗin kan iyali. Dokar 2003 ma ta ɗora wa yaro irin wannan nauyi. Malamin da ya koya wa ɗalibai haƙƙi ya ɓoye musu nauyi, rabin darasi ya koyar.

Kalmar tsohuwa ce a bakinmu

Kakanninmu sun san kalmar haƙƙi tun kafin a yi wata yarjejeniya. Sukan ce Allah ba ya barin haƙƙin wani a kan wani. Sukan gargaɗi mutum kada ya ɗauki haƙƙin maraya. In an cuci lebura aka hana shi ladansa, sai a ce an ci haƙƙinsa, kuma haƙƙi zai bi wanda ya ci. A wannan fahimta haƙƙi bashi ne da mai ƙarfi yake biyan marar ƙarfi, ko marar ƙarfin ya nema ko bai nema ba. Jariri ba ya iya magana, amma nono haƙƙinsa ne.

In haka ne, ikon da iyaye suke da shi a kan yaro amana ce. An ba mu shi domin amfanin yaron, kamar yadda ake ba makiyayi sanda domin amfanin garke. Yaro yana yi mana biyayya domin mu ne aka ɗora wa kiwonsa, kiwon nan kuwa shi ne haƙƙinsa. Ashe biyayyar da haƙƙin daga tushe ɗaya suka tsiro. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ga Afisawa sura 6, ya umarci yara su yi biyayya, nan take kuma ya juya ga ubanni ya gargaɗe su kada su tsokani 'ya'yansu. Mu iyaye mun iya rabin farko da ka. Rabi na biyu ba safai muke karanta shi a addu'ar iyali ba.

Haka riƙo yake. Al'ada ce mai kyau, wadda ta fitar da mutane da yawa daga duhu: akwai malamai da ma'aikatan jinya da fastoci a Yola waɗanda a gidan kawu ko gwaggo suka yi karatu. A ƙarshen Oktoba 2014, sa'ad da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, jama'a suka kwararo daga Madagali, Michika, Mubi da Hong. An buɗe sansanoni kamar na Malkohi da Fufore, Majami'ar St. Theresa ta Katolika a Jimeta ta karɓi dubbai a ƙarƙashin Bishop Stephen Dami Mamza, amma mafi yawan masu gudun a gidajen mutane suka sauka. Wannan karimci abin godiya ne ga Allah. Sai dai riƙo yana da wata ɓaraka: a hankali 'yar riƙo takan koma 'yar aiki ba tare da wani ya yanke shawarar haka ba. Dokar 2003 ta hana a ɗauki yaro aikatau a wajen gidansu ko danginsu, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa iyaye da masu riƙo su ga yaro ya kammala shekara 9 na firamare da ƙaramar sakandare. Amma wane ɗan sanda ne zai leƙa tsakar gidana ya ga wa yake wanke kwano da safe sa'ad da sauran suke sa rigar makaranta? Babu. Ɗana ne ya gani.

Sa'ad da gaskiya ta fito daga bakin ƙarami

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana cewa Allah yakan aiko da gyara ta bakin yara ba. Sama'ila yana yaro aka ba shi saƙo mai nauyi a kan gidan Eli, mutumin da ya rene shi. Ya ji tsoron faɗa, Eli da kansa ya ce kada ya ɓoye masa kome. A Littafin Sarakuna na Biyu sura 5, wadda ta nuna wa Na'aman hanyar warkewa daga kuturta yarinya ce da aka kamo a yaƙi, tana yi wa matarsa hidima. Babu wanda ya fi ta ƙanƙanta a gidan. Da uwargijiyarta ta kwaɓe ta ta ce yara ba sa sa baki, da jarumin ya mutu da cutarsa. Almajirai kuma da suka tsawata wa masu kawo yara wurin Ubangiji Yesu, su aka tsawata wa.

Tarihin Afirka ma yana da irin wannan shaida. Ranar 16 ga Yuni 1976 'yan makaranta a Soweto, a Afirka ta Kudu, suka fito suna ƙin tilasta musu karatu da harshen Afirkans, aka buɗe musu wuta, yara da yawa suka mutu. Tun 1991 Afirka take tunawa da ranar a matsayin Ranar Yaron Afirka. Ba fata muke yi 'ya'yanmu su fuskanci bindiga ba, Allah ya kiyaye. Abin lura shi ne, a ranar nan yaran ne suke da gaskiya, masu mulki suke da laifi. Yawan shekaru yana kawo hikima, amma bai taɓa hana mutum son kansa ba. Ni na fi ɗana sanin duniya nesa ba kusa ba, amma ina da riba a cikin rashin ganin abin da ya gani, gama aikin yarinyar yana sauƙaƙa mana rayuwa. Shi ba shi da wannan riba, saboda haka idonsa ya fi nawa buɗewa.

Ma'auni ga matasa

Ku kuma 'ya'yanmu, ba kowace magana da aka yi da sunan haƙƙi ce take da albarka ba. Ga tambayoyi uku da za ku auna kanku da su.

Ta farko, haƙƙin wa kake nema? In kullum naka ne, wayarka da yawonka da hutunka, to son kai ne ya sa sabuwar riga. Mai neman haƙƙi na gaske yakan fara da wanda ya fi shi rauni: yarinyar da take talla a Kasuwar Jimeta lokacin da ake aji, yaron da yake bara a tashar Jambutu, ɗalibin da manyan aji suke zalunta, ko wadda take kwana a kan tabarma a ɗakin ƙannenka.

Ta biyu, da wane harshe kake faɗa? Gaskiya ɗaci gare ta, ba ta bukatar ƙarin barkono. Ɗana ya jira aka gama addu'a, ya nemi izini, ya yi tambaya. Da ya yi mini tsawa a gaban baƙi, da na sami hujjar kama laifin bakinsa in mance da batun. Ladabinsa ne ya toshe mini hanyar gudu. Amma akwai inda shiru ya zama zunubi: in kun san ana lalata da yaro, ko ana dukansa har rauni, ko ana shirin aurar da ƙaramar yarinya dole, ku sanar da babban da kuka amince da shi, in bai ji ba ku nemi wani, har jami'an jin daɗin jama'a ko 'yan sanda. Rufa wa irin wannan asiri ba ladabi ba ne.

Ta uku, me za ka biya? Haƙƙi yana da tsada, kuma wani ne yake biya. Makarantar gwamnati kyauta ce a takarda, amma riga da littattafai da takalmi daga aljihu suke fitowa, aikin da yarinyar take yi kuma ba zai yi kansa ba. Mai neman a yi adalci ya shirya ɗaukar rabonsa na nauyin.

Abin da ya biyo baya

Da gari ya waye, bayan mun dawo daga sujada, na kira ɗana na ce masa ya yi gaskiya, ni na yi kuskure. Ban taɓa faɗa wa ɗan cikina haka ba, ya kuwa yi mini nauyi a baki. Na yi tsammani girmana zai ragu a idonsa. Abin da na gani daga baya shi ne ya ƙara sakin jiki da ni, in na hana shi abu kuma yakan karɓa da sauƙi fiye da dā, domin ya san ba gardama ce take mulkin gidan ba.

Muka zauna da uwarsu muka raba aikin gida. Shara da ɗiban ruwa suka koma kansa da wansa. Ya yi gunaguni a makon farko, na tuna masa cewa shi ya kawo ƙara.

Sai uwarsu ta lura da wani abu da ya kuɓuce mana duka: mun yi kwana biyu muna shawara a kan yarinyar, ba wanda ya tambaye ta. Yarjejeniyar 1989, a sashe na 12, ta ce a saurari yaro a kan abin da ya shafe shi, a kuma ba maganarsa nauyi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Ba ta ce yaro ne zai yanke hukunci ba, ta ce a ji shi. Muka kira ta. Ta daɗe tana wasa da bakin zanenta kafin ta ce, "Mama, ina so in yi karatu. Ina kuma so in ga innata." Shekara guda ke nan ba ta sa uwarta a ido ba, ko sau ɗaya bai zo mana a rai ba. Ɗana mai koyon haƙƙin yara ma bai yi wannan tunani ba. An sa ta aji uku, ta girmi 'yan ajinta, shekarar da muka ɓata mata kuwa ba mu da ikon mayar mata. Da Kirsimeti muka kai ta gida.

Saboda haka, 'yan'uwa, amsata ita ce haƙƙi da biyayya ba kishiyoyi ba ne. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ina roƙon dattawan ikkilisiya, Zumuntar Mata da malaman Makarantar Lahadi su koya wa yara haƙƙinsu da nauyinsu tare, kada mu bar wa makaranta da rediyo aikin su kaɗai. Kowane magidanci kuma, daren yau bayan addu'a, ya ƙirga yaran da suke kwana a ƙarƙashin rufinsa, ya ƙirga waɗanda za su sa rigar makaranta gobe da safe. In lissafin bai zo daidai ba, kada ya jira sai ɗansa ya tambaye shi. Ubangiji ya ba mu kunnen ji.