Hannun ake so, ko mai hannun?



Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame, wata gardama ta tashi a rumfar masu takalma tsakanin dattijai biyu da kowa ke ganin girmansu. Ɗaya ɗansa likita ne, ya sami takardar izinin aiki da zama a Ingila, ana ta yi masa barka. Ɗayan kuma ƙanensa makanikin manyan motoci ne, shekara ashirin yana kwance inji yana ɗaurawa, ya nemi biza sau biyu ana hana shi, kuɗin da ya biya sun tafi ke nan. Sai ya ce wa uban likitan: "Alhaji, ina taya ka murna, amma wallahi wannan ba adalci ba ne. Ɗanka da ƙanena duk 'yan Adam ne. Don me za a buɗe wa wannan ƙofa a rufe wa wancan?" Alhaji ya ce: "Haba Malam, gidan mutum fa nasa ne. Kai da kanka in za ka ɗauki yaron shago, ba wanda ya iya lissafi kake zaɓa ba?"

Aka tashi ba a raba gardamar ba. Na kwana da ita a raina, don na ga kowannensu yana riƙe da wani yanki na gaskiya.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Kusan duk ƙasashen da suka ci gaba suna da ƙofa ta musamman ga ƙwararrun baƙi: likitoci, injiniyoyi, masana kwamfuta, ma'aikatan jinya. Amurka tana da bizar H-1B tun 1990, gurbi 65,000 a shekara, da ƙarin 20,000 ga masu babban digiri daga jami'o'inta. Masu nema sun fi guraben yawa, har an daɗe ana raba ta da ƙuri'a. Tarayyar Turai ta fito da Shuɗin Kati a 2009, wanda ke buƙatar shaidar ilimi mai zurfi, da kwantiragin aiki, da albashin da ya kai wani mataki. Kanada maki take bayarwa: na ilimi, na harshe, na gogewa, na shekaru. Mai shekara ashirin da wani abu shi ke kwashe makin shekaru, wanda ya kai 45 kuwa ba ya samun ko ɗaya a wannan layi. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana ba gwanaye da masu jari izinin zama na shekara 10. Ingila kuwa a Afrilun 2024 ta ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake nema ga yawancin masu wannan biza daga fam 26,200 zuwa fam 38,700.

Duk waɗannan tsare-tsare magana ɗaya suke faɗa: kawo abin da muke buƙata, mu ba ka wurin zama.

To, Alhaji yana da hujja. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙasar da tsofaffinta suka yi yawa, asibitocinta ba ma'aikata, ba laifi ta ce ma'aikacin jinya take nema a bana. Kuma babu ƙasar da za ta iya karɓar duk wanda ya ƙwanƙwasa. In dole sai an zaɓa, zaɓen da aka rubuta sharuɗɗansa kowa ya gani ya fi na ɗan wane da ɗan wance. Mu da muka san yadda ake samun aiki da takardar wani babba, bai kamata mu raina tsarin da ke duba jarrabawa ba ya tambayar sunan uba ba. Wannan na yarda da shi.

Sai dai misalin yaron shago yana da iyaka. Yaron da ka sallama yakan koma gidansu a bayan layi, gobe ya nemi wani shagon. Wanda zamansa a ƙasa ke rataye da aikinsa kuwa, ranar da aka sallame shi, gida da makarantar 'ya'ya da asibiti duk sun kama girgiza. A Amurka mai H-1B da ya rasa aiki kwana 60 yake da su ya sami wani maigidan ko ya tattara. A Ingila ma yawanci haka ne, kwana 60. Ku tambayi kanku: mutumin da ke cikin wannan hali, in an danne masa haƙƙi a wurin aiki, zai iya buɗe baki? Waɗanda suka yi zaman Saudiyya a ƙarƙashin kafili ba sai an yi musu bayani ba. An sassauta wancan tsari a 2021, amma masu aikin gida ba su shiga sassaucin ba.

Mu 'yan Sabo mun san wannan al'amari tun kafin a ƙirƙiro biza. Bafatake ya zo da shanu ko ya zo sayen goro, sai ya sauka wurin maigida, shi zai ba shi masauki, ya tsaya masa, ya haɗa shi da dillali. Amma baƙon da ya ga ana cutarsa yana da ikon ya sauya masauki a zuwa na gaba, kuma wannan ikon shi ke sa maigida ya riƙe amana. Duk tsarin da ya cire wa baƙo ikon tashi ya sa wuƙa da nama a hannun mutum ɗaya.

Abu na biyu, iyali. Daga Maris 2024 Ingila ta hana masu zuwa aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya tahowa da mata ko miji da 'ya'ya. Wato mace ta zo ta yi wa uwar wani wanka, ta ba ta abinci a baki, nata 'ya'yan kuma sai dai ta gan su ta waya. A nan ne tambayar ta fito fili. In ka ce wa mutum zo, amma ka bar duk wanda kake ƙauna a baya, to hannunsa kake so, da za a iya cire maka hannun a aiko da ka fi murna. Kuma a Yulin 2025 aka rufe ɗauko irin waɗannan ma'aikata daga waje baki ɗaya. Ƙofar da buƙata ta buɗe, sauyin siyasa kan rufe ta cikin dare ɗaya. Ko a Amurka, a Satumbar 2025 aka sanar da kuɗin dala 100,000 kan sababbin buƙatun H-1B.

Abu na uku ya fi shafar mu da muka rage a gida. Likitan nan da aka ba maki, wa ya noma shi? Uwar da ta sayar da tumaki, uban da ya yi shekaru yana tashi da asuba zuwa Bodija, malamin firamare da albashinsa ke makara, asibitin koyarwa da aka gina da kuɗin jama'a, da talakan da ya miƙa jikinsa aka koyi aiki a kansa. Ƙasar da ta karɓe shi ta same shi nunanne, ba ta yi shuka ba, ba ta yi noma ba. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya faɗa cewa likitoci wajen 16,000 sun bar Najeriya cikin 'yan shekarun nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashe 55 da ta fitar a 2023, waɗanda bai kamata a je ana zawarcin ma'aikatan lafiyarsu ba saboda ƙarancinsu. Amma jerin bai hana mutum ya nema da kansa ba, don haka ruwa na ci gaba da gangara.

Wasu sun ce a ɗaure su. A 2023 an kawo ƙuduri a Majalisar Wakilai cewa likita sai ya yi aikin shekara biyar a gida kafin a ba shi cikakken lasisi, likitoci suka yi ca a kansa. Ni dai ban ga alheri a ɗauri ba. Mu da kakanninmu suka baro Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram suka kafa Sabo a 1916 don neman halali, da wane baki za mu ce wa yaro kada ya bi arziki? Likitan da ke aikin kwana ba wuta, albashi ba ya kai wata, ba igiya yake buƙata ba. Amma rashin ɗauri bai goge bashi ba. Akwai bashin da kotu ba ta sani ba, mai shi kuwa ya sani.

Yanzu mu juyo gida, don laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Najeriya ma haka take yi. Kamfani ba ya kawo baƙo aiki sai ya sami gurbi daga gwamnati, bisa cewa aikin na buƙatar ƙwarewar da ta yi ƙaranci a nan, sannan baƙon ya karɓi katin zama. A Fabrairun 2024 an ƙaddamar da haraji kan ma'aikata baƙi, dala 15,000 ga darakta, 10,000 ga saura, a shekara, aka dakatar da shi bayan 'yan makonni da kamfanoni suka koka. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan Ghana, alhali an sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirgar ECOWAS tun 1979. Kafin nan, a 1969, gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, Hausawa da Yarabawa da yawa suka dawo da abin da kai zai iya ɗauka. Sau biyun nan, lokacin da arziki ke gudana an so hannun baƙo, da ya ja baya aka tuna baƙo ne.

Mu kanmu fa? Tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama a duk inda ya so. Amma yaron da aka haifa a nan, aka haifi ubansa a nan, in ya je neman gurbin karatu ko aikin gwamnati sai a ce ina takardar shaidar asali, ya kama hanyar ƙaramar hukumar da bai taɓa kwana a cikinta ba. Wanda ya ga abin da ya faru a Shasha a Fabrairun 2021 ya san yadda zaman shekaru ke iya komawa baƙunta a wuni guda.

Kuma ga wadda ta fi ɗaci. Mu ma muna da namu tsarin makin, sai dai ba a rubuce yake ba. Attajiri ya sauka da tirela uku na albasa, kafin la'asar an ba shi ɗaki, an kai shi gaida Sarkin Hausawa, an matsa masa a sahun gaba. Yaro ɗan ci-rani ya sauko daga saman waccan tirelar da buhunsa, zai yi dako ko wankin takalmi, ya yi wata uku yana kwana a barandar masallaci ba wanda ya tambayi sunansa. In an yi sata, shi za a fara kallo. Malam, kafin mu tuhumi ofishin jakadanci, wa ya taɓa tambayar yaran nan ko sun ci abinci?

Tarihin da muka koya tun muna allo ya nuna mana ƙofofin biyu. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, baƙo ne a Masar, saboda saninsa da amanarsa aka damƙa masa rumbunan ƙasa. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha kuwa Najashi bai tambaye su sana'a ba, ya ga waɗanda aka zalunta ne ya ba su mafaka. Ƙasa tana da ikon buɗe ƙofar gwani. Laifinta shi ne ta mai da ita kaɗai ce ƙofa, ko ta riƙe wanda ya shigo ta cikinta kamar kayan haya.

Don haka ga inda na tsaya a gardamar dattijan nan. Alhaji ya yi gaskiya, mai gida yana da zaɓi. Malam ma ya yi gaskiya, zaɓin nan ba ma'aunin darajar mutum ba ne. Biza buƙatar kasuwar wata ƙasa take aunawa a wata shekara, kamar yadda tumatir ke tsada yau gobe ya faɗi. Makaniki bai ragu da komai ba don an hana shi, likita bai ƙaru da komai ba don an ba shi. Adalcin tsari kuma ana gane shi da abu uku: baƙo na iya sauya maigida ba tare da an kore shi ba, yana iya zama da iyalinsa, kuma in ya daɗe yana hidima akwai ranar da zai daina zama baƙo.

Ga mai shirin tafiya, da iyayensa: kada a sayar da shago ko gida a ba ejan don ya sayo takardar ɗaukar aiki. Ingila ta soke lasisin ɗaruruwan kamfanonin kula da tsofaffi, mutane da yawa sun isa can suka tarar babu aikin, ga bashi a gida. Kada a ƙara shekarun gogewa, kada a sayi sakamakon jarrabawa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wanda ya shiga asibiti da takardar jabu da ran mutane yake wasa. A karanta sharuɗɗa kafin a sa hannu: in aiki ya ƙare, kwana nawa gare ni? Iyalina za su biyo ni? Wanda Allah ya ba sa'a kuma ya tuna da gonar da ta fitar da shi: ya ɗauki nauyin karatun wani yaro, ya koyar in ya zo hutu, ya taimaka wa asibitin unguwa.

Mu da muke nan, namu aikin yana bakin ƙofar masallaci. Yau in an sallame, wanda ya ga baƙuwar fuska a baranda ya tsaya ya yi sallama, ya tambayi suna da gari, ya ji ko yana da wurin kwana.

Allah Ya sa mu dace, Ya tsare matafiyanmu, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu. Amin.