Tsakanin Yunwa da Kwaɗayi: Wa Ke da Alhakin Abin da Muke Ci da Dare?

 

Wata huɗu ke nan da likita ya duba sakamakon gwajin jinina a nan Doha, ya ce sukarina ya kai bakin iyaka, kuma in ban rage ƙiba ba, magani ne zai biyo baya. Na fito da azama mai ƙarfi. Da rana ban sha wuya ba: na rage shinkafa, na bar lemon kwalba. Amma da zarar ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta gota, sai in zama kamar wani mutum daban. In ɗauki waya, in buɗe Talabat ko Snoonu, kafin rabin awa ga shawarma a bakin ƙofa. Da asuba in tashi da nauyin ciki da nauyin zuciya, ina tambayar kaina: wannan raunin imani ne, ko kuwa jiki ne ke neman haƙƙinsa? Amsar tana da muhimmanci, domin wanda ya ɗauka laifinsa ne gaba ɗaya yakan yanke ƙauna, wanda kuma ya ɗauka babu ruwansa ba zai gyara komai ba.

Bari mu fara yi wa jiki adalci. A shekarar 2013 masu bincike a birnin Boston na Amurka sun nuna cewa agogon da ke cikin jikin ɗan Adam yana ƙara masa sha'awar abinci da yamma, ta kai ƙololuwa wajen ƙarfe takwas na dare, musamman sha'awar zaƙi da gishiri da abinci mai sitaci. Kafin nan, a 2004, an yi gwaji a Jami'ar Shikago da samari 12 da aka taƙaita musu barci zuwa awa huɗu na dare biyu. Sinadarin girelin mai tayar da yunwa ya ƙaru da kashi 28 cikin ɗari, na leftin mai sanar da ƙoshi ya ragu da kashi 18. Wani binciken na 2011 a Ostireliya ya gano cewa mutanen da suka rage nauyi, bayan shekara guda cur, jikinsu na ci gaba da aika musu da saƙon yunwa fiye da yadda yake yi a da. Ke nan mai rage ƙiba da ke jin cikinsa na kira da dare ba ƙarya yake yi ba, haka aka halicce shi.

Sai kuma garin da muke zaune. A lokacin bazara zafin Doha yakan haura digiri 40, har doka ta hana aiki a fili daga ƙarfe goma na safe zuwa uku da rabi na yamma, tun daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Rayuwa ta koma dare. Sai bayan Isha'i Suƙ Waƙif ke cika, a lokacin ne ake zagawa shan shayin karak mai madara da sukari. Kuma Doha na gaban Kano da Maraɗi da awa biyu. Lokacin da iyali suka ci tuwo suka natsu da ƙarfe tara, a nan sha ɗaya ta yi. Kana gama magana da yara, ka ajiye waya, ɗakin ya yi tsit. A wannan shirun ne hannu ke neman abin kaiwa baki. Na daɗe kafin in gane cewa rabin abin da nake kira yunwa kewa ce. A gida kwano ɗaya ake sa wa hannu, in ya ƙare an tashi, ga idon yaya ga na ƙane. A nan babu mai ganinka, kuma kasuwa ba ta tashi a cikin waya. Matsalar ba ta baƙi kaɗai ba ce: binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna kusan kashi 41 cikin ɗari na manyan 'yan Katar na da ƙiba mai yawa, kusan kashi 17 kuma na da ciwon sukari.

To in haka ne, an wanke mu ke nan? Ban yarda ba, kuma hujjata ita ce azumi. Mutumin nan da ba ya iya haƙurin awa biyu da dare, shi ne ke yin awa 13 ko fiye a watan Ramadan bai kai ko ruwa bakinsa ba, kuma ba ya kokawa da ransa kowane minti. Bambancin abu uku ne. Ya ƙulla niyya tun kafin yunwa ta zo. Iyakar a bayyane take, daga alfijir zuwa faɗuwar rana, babu ciniki. Kuma kowa a kewayensa haka yake yi. Da dare kuwa babu ko ɗaya cikin ukun: ba mu yanke shawara ba sai da sha'awa ta taso, ba mu sa iyaka ba, kuma muna mu kaɗai.

Daga nan na fahimci cewa alhakin yana nan daram, sai dai mun ajiye shi a lokacin da bai dace ba. Muna tuhumar kanmu a kan ƙarfe sha biyun dare, lokacin da gajiya ta cinye ƙarfinmu, alhali laifin an yi shi tun da rana. An yi shi lokacin da muka tsallake karin kumallo da abincin rana don gaggawar ramewa, lokacin da muka sayo kwalin biskit muka ajiye kusa da gado, lokacin da muka zaɓi kallon waya har ɗaya na dare alhali aiki na jiran mu da shida. Manomin da ya bar shingensa a karye ba zai kai ƙarar akuya ba.

Malamanmu sun riga mu tunani a kan wannan. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u Ulumiddin a kan karya sha'awar ciki da ta farji, kuma abin da ya kai mai karatu gare shi a ƙarshe shi ne tsaka-tsaki: mutum ya ci gwargwadon da nauyin ciki ba zai dame shi ba, zafin yunwa ma ba zai shagaltar da shi ba. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta hana almubazzaranci. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. A kissar Salman da Abud Darda'i kuma, Annabi (SAW) ya gaskata Salman a kan cewa rai na da haƙƙi a kan mai shi. Wanda ya azabtar da jikinsa da yunwa tun safe ya tauye wannan haƙƙin, kuma jiki zai karɓi bashinsa da dare har da ƙari.

Wani zai ce duk wannan damuwar masu ƙoshi ce. Akwai gaskiya a ciki. Cikin 'yan uwanmu akwai masu gadi da direbobi da ma'aikatan gini da abincin dare shi ne kaɗai cikakken abincinsu, kuma ba da su nake ba. Wani kuma zai ce rage jiki son ado ne, har ma a gida in ka koma a rame sai a ce wahala ka sha a waje. Amma ga wanda likita ya gargaɗa, maganar ta wuce ado. Mafi yawanmu akwai iyaye da mata da yara da ke jiran saƙon ƙarshen wata. Ƙodar da ciwon sukari zai lalata, da ƙafar da zai iya sa a yanke, da su ake ciyar da gida guda. Jikin amana ne a wuyanmu, kuma ba mu kaɗai ke da rabo a cikinsa ba.

Abin da na koma yi ba shi da wani sirri. Ina cin abinci mai riƙe ciki da rana, wake ko ƙwai ko kifi da ganye. Abincin dare bayan Magariba, daga Isha'i kuma na rufe ciki kamar yadda mai azumi ke rufewa da alfijir. Na cire manhajojin odar abinci daga wayata. In sha'awa ta taso nakan tambayi kaina: da ɗumamen tuwo ne a gabana, zan ci? In amsar e ce, yunwa ce ta gaske, sai in sha kindirmo ko in ci dabino biyu ba tare da jin kunya ba. In kuwa sai shawarma, to kwaɗayi ne, kuma yakan lafa in an ba shi minti ashirin da kofin ruwa. In kewa ce, sai in kira wani ɗan uwa mu taka a Kornish. Mai shan maganin sukari kuwa ya tuntuɓi likitansa kafin ya sauya lokutan cinsa.

Har yanzu nakan faɗi. Makon jiya ma na faɗi, bayan labarin rashin lafiyar mahaifiyata ya hana ni barci. Amma na daina cewa tunda na ɓata yau, bari in ci gaba har Asabar. Alƙur'ani ya yi rantsuwa da rai mai zargin kansa a farkon Suratul Ƙiyama, kuma amfanin wannan zargi shi ne ya mayar da mutum kan hanya washegari. Zargin da ke kai mutum ga yanke ƙauna shi ma wata ƙofar kwaɗayi ce. Kilo biyar na rage zuwa yanzu, gwaji na gaba kuma wata mai zuwa ne.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu koma ga iyalanmu da ƙafafunmu. Amin.