A Tambayi Ƙauye Kafin A Ja Igiya

Duk wanda ya bi ɗaya daga cikin titunan da ke fita daga manyan biranenmu zai ga abu guda yana maimaituwa. Doguwar katanga, babbar ƙofa da ɗakin maigadi, layukan gidaje iri ɗaya masu sabon kwano, sannan a bayan katangar tsohon ƙauye da rumbunansa da kukarsa. Birni yana faɗaɗa, jama'a suna ƙaruwa, kuma dole a yi gidaje. Ba wanda ke jayayya da wannan. Abin lura yana cikin wasu ƙananan abubuwa guda uku da ba sa fitowa a taswirar masu zane, amma su ne ke yanke hukuncin ko sabon rukunin gidajen zai zauna lafiya da maƙwabtansa ko a'a: turba, kwari da tsarin cikin gida.

Turba ba wanda ya zana ta. Ƙafafun mutane da kofaton dabbobi ne suka fitar da ita shekara da shekaru, kuma ba ta lanƙwasa a banza. Ita ce mafi kusa zuwa rijiya, zuwa fadama, zuwa maƙabarta, zuwa kasuwar mako. Ranar da katanga ta datse ta, yarinyar da ke ɗebo ruwa sai ta zagaye rukunin gidaje gaba ɗaya da tulu a ka, masu ɗauke da makara su bi bakin kwalta, makiyayi ya kora shanunsa ta cikin gonar wani saboda burtali ya toshe. Ba a daɗewa sai ka ga an ɓalle bulo biyar ko shida a kusurwar katangar, an yi kafar da mutum zai sunkuya ya wuce. Masu rukunin su toshe, a sake ɓallewa. Wannan kafa shaida ce ta tambayar da ba a yi ba tun farko.

Kwari kuwa da rani ba ya nuna kansa. Mai awo ya zo a watan Fabrairu, ya ga fili busasshe, ya kafa duwatsun alama, a zo da tifa a cike gangaren da jar ƙasa. Dattijon da ya noma wurin tun yana yaro ya san nan ne ruwan gari ke bi idan Agusta ta kankama. Ruwa ba ya fasa tafiya don an tare masa hanya, juyawa yake yi. Sai ya koma ƙauyen, ya kwanta a gindin bangon ƙasa, ya jiƙa shi tun daga tushe har ya zube. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan ilimi kyauta ne ga duk wanda ya zauna ya tambaya.

Kada a ɗauka cewa mugun nufi ko haɗama kaɗai ke jawo irin wannan kuskure. Labarin Sabuwar Gurna a ƙasar Masar ya nuna cewa ko gwani mai ƙaunar talaka yana iya faɗawa ciki. Mutanen Gurna suna zaune ne a gefen dutse, yamma da Kogin Nilu daura da Luksor, gidajensu a kan tsofaffin kaburburan zamanin Fir'aunoni. Hukumar kula da kayan tarihi ta Masar ta damu da yadda ake sace kayan kaburburan, sai gwamnati ta yanke shawarar tashin mutanen, kimanin dubu bakwai, zuwa wani fili a cikin gonaki kusa da kogi. A tsakiyar shekarun 1940 aka ɗora wa mai zanen gine-gine Hasan Fathi aikin gina musu sabon gari.

Fathi, wanda aka haifa a Iskandariyya a 1900, ya riga zamaninsa a kan abin da yau ake kira gini mai ɗorewa. Ya ƙi siminti da ƙarfe, ya zaɓi tubalin laka da ake bugawa a wurin. Ya ɗauko magina daga yankin Aswan, waɗanda suka gaji fasahar Nubiyawa ta yin rufin baka da ƙubba ba tare da katako ba. Ya yi bango mai kauri da ke hana zafin rana shiga, ya yi tsakar gida, ya buɗe kafofin da ke jawo iska su sanyaya ɗaki. Ya tsara unguwanni bisa dangogin ƙauyen, ya ƙi yin gidaje iri ɗaya, ya gina masallaci da kasuwa da makaranta har da dandalin wasan kwaikwayo. Magini Bahaushe da ya san tubali da azara da bakan gizo, idan ya ga aikin zai jinjina.

Duk da haka mutanen Gurna suka ƙi tashi. Aikin ya tsaya kafin a kai ko rabinsa. Ana cikin ginin aka fasa shingen da ke tare ambaliya, ruwa ya malale wurin, aka zargi waɗanda ba sa son ƙaura. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Abincinsu yana jikin dutsen: aikin lebura a wuraren tonon tarihi, gadin kaburbura, hulɗa da masu yawon buɗe ido, da cinikin kayan tarihi na fili da na ɓoye. Sabon garin ya nisanta su da wannan duka, kuma yawancinsu ba su da gonar da za ta riƙe su. Ƙubbar da mai zane ya gani a matsayin ado da sanyi, da yawansu sun san ta ne a kan hubbaren matattu. An tambaye su ɗaki nawa suke so, amma ba a tambaye su ko za su tashi ba, ko me za su ci idan sun tashi. Wannan hukunci an riga an yanke shi a Alƙahira. Fathi ya ba da labarin wannan gwagwarmaya a littafin da ya fitar a 1969, wanda ya sa duniya ta san shi.

Ruwa ma bai bar garin ba. Waɗanda suka zauna a gidajen daga baya sun sha fama da ruwan ƙarƙashin ƙasa da ya taso, ga rashin magudanar ƙazanta, gishiri ya riƙa cin tushen bango. Iyalai suka yi yawa, ba a tanadi yadda gida zai ƙaru da su ba, sai da yawa suka rushe na laka suka ɗora benen kankare. Masallacin yana nan ana salla a cikinsa, UNESCO kuma ta shiga aikin ceto abin da ya rage. Tsohuwar Gurna kuwa ba a rushe ta ba sai daga 2006, kusan shekara sittin bayan an ce mutanenta su tashi.

Abu na uku, tsarin cikin gida, shi ne wanda aka fi mantawa a wajenmu. Gidan ƙauye yana da zaure inda baƙo ke tsayawa, yana da madafa a sarari saboda hayaƙin itace, da turken akuya, da wurin turmi, da sararin da za a ƙara ɗaki idan ɗa ya yi aure. Ka ba wannan iyali ɗaki biyu da falo wanda ƙofarsa ke kallon titi, cikin shekara guda za su kewaye gaban da zana ko langalanga, ko su sayar su koma inda suka fito. Masu sanin wannan su ne mata, su kuwa ba sa zuwa taron ƙofar gidan mai gari. Duk shawarar da ba ta shiga cikin gida ta ji ta bakinsu ba, rabin ƙauyen kawai ta ji.

A ƙasarmu, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma diyyar da ta tanada ta gini ce da amfanin gona da itatuwa. Ba ta biyan turba, ba ta biyan burtali, ba ta biyan inuwar da ake zaman sulhu a ƙarƙashinta. Saboda haka biyan diyya bai ɗauke wa mai gini nauyin zama da mutane ba. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ma ta buƙaci a ji ra'ayin jama'a a manyan ayyuka, sai dai sanarwa a jaridar Turanci ba ta isa kunnen manomi.

Shawara ta gaskiya tana da alamomi. Ana yin ta kafin a ja igiya, lokacin da layin taswira zai iya gyaruwa. Mai zane ya taka filin da ƙafarsa tare da dattawa, da rani da kuma tsakiyar damina, su nuna masa inda ruwa ke bi da inda kakanninsu ke kwance. A yi zama daban da mata, da matasa, da makiyaya. A bar turba da burtali a buɗe, a haɗa magudanar rukunin da ta ƙauyen, rijiyar burtsatse da makaranta da asibiti su zama na kowa. A ɗauki maginan wurin aiki, a yi amfani da ƙasar wurin inda ta dace. Abin da aka amince a kai a rubuta shi da harshen da mutane ke karantawa, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa. Sannan a dawo a gaya musu abin da aka sauya saboda maganarsu, da abin da ba a iya sauyawa ba da dalilinsa.

Wannan yana cin lokaci, watakila damina guda. Amma gida na shekara hamsin ake ginawa, kuma mutanen ƙauyen su ne za su zama maƙwabta, masu gadi, masu kawo nono da kayan miya, surukai ma wata rana. Wanda ya tambaye su tun farko ya rage wa kansa kuɗin gyara da na shari'a, ya kuma cika haƙƙin maƙwabtaka da addini da al'ada suka ɗora masa.