Bayan An Komo Daga Ikko

Karatu: Ayyukan Manzanni 14:8-28, da Luka 10:1-20.
Ayar haddacewa: Ayyukan Manzanni 15:36.

Ya zama al'ada ga ekklesiyoyi da yawa, lokacin hutun makaranta ko bayan kaka, su zaɓi waɗansu daga cikinsu, ko matasa, ko 'yan Zumuntar Mata, ko 'yan Sabon Rai, su aike su ƙasa mai nisa kwana goma ko mako biyu domin aikin Bishara. Daga Jos, da Zariya, da Kano, har daga Maradi ta ƙasar Nijar, waɗansu su kan nufi Ikko, watau Legas, inda masu jin Hausa su ke zaune a Agege da Ajegunle. Haka nan kuma baƙi daga Amurka da Ingila su kan zo ƙasar nan su yi 'yan kwanaki su koma. Waɗanda aka aika su kan komo da murna, su ba da labari ran Lahadi, a yi waƙa, a tashi. Abin da darasin yau ya ke so mu bincika ke nan: in an komo gida, aikin ya ƙare ke nan, ko kuwa da sauran bashi a wuyanmu?

1. Wurin da a ke zuwa

Bari mu fara duban wurin. Daga Kano zuwa Ikko kamar mil 700 ne ta hanyar jirgin ƙasa, wadda ta kai Kano a 1911. Hanyar nan ta ratsa Agege, inda a dā akwai gonakin goro da yawa, don haka fatake Hausawa suka kafa zango a wurin, suna sayen goro suna aikawa Arewa, suna kuma kawo shanu. Jikokinsu suna nan har wa yau, da masallatansu, da makarantunsu, da Sarkin Hausawansu. Ajegunle kuwa tana kusa da Apapa, inda jiragen ruwa su ke sauke kaya. Unguwa ce mai cunkoso ƙwarai, ta kowane iri da kowane harshe, kuma Turancin buroka ne ya ke haɗa yawancin mutanenta.

Masu jin Hausa a wuraren nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai Musulmi, su ne mafi yawa, waɗansunsu a nan aka haifi kakanninsu. Akwai 'yan ci-rani, masu ga-ruwa, da masu gadi, da 'yan dako, da masu gyaran takalma, waɗanda su kan koma gida da damina. Akwai kuma masu bi daga Filato, da kudancin Kaduna, da Adamawa, da Bauchi, waɗanda su ke yin sujada da Hausa a ekklesiyoyinsu na can. Wanda ya sauka daga mota yana tsammani shi ne ya fara kawo sunan Yesu Ajegunle, bai san wurin da ya zo ba. Hausawa sun ce, baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓa tana sanyaya ganye da asuba, amma kafin hantsi ta bushe. Kaba kuwa saiwarta tana can ƙasa, ko an sare ta sai ta sāke tohowa.

2. Abin da ya faru a Listra

Ekklesiyar Antakiya ta Suriya ta keɓe Bulus da Barnaba da azumi da addu'a, ta sallame su. Suka bi ta tsibirin Kubrus, suka haye zuwa ƙasar da a ke kira Turkiyya yanzu. A Listra Allah ya warkad da wani gurgu ta hannun Bulus. Sai taron ya ɗauki sowa. Luka ya kula ya faɗa mana cewa da harshen Likoniya su ke magana. Me ya sa ya ambaci harshen? Ga alama manzannin ba su ji abin da a ke faɗi ba. Da Helenanci su ke wa'azi, mutane kuma suna jinsu, amma da abin mamaki ya auku kowa ya koma harshen uwarsa. Suna cewa alloli ne suka sauko, manzannin kuwa ba su farga ba sai da firist na gunki ya iso bakin ƙofa da bijimai zai yanka musu hadaya. Sa'an nan suka kyakketa tufafinsu, suka ruga cikin taron, da ƙyar suka hana su.

Mu da mu ke aikin juya Maganar Allah cikin harsuna mun daɗe muna tunani a kan wannan wuri. Taro mai yawa ba shaida ba ne cewa an fahimci magana. Mutum ya kan ɗaga hannu don kunyar baƙo, ko don ya ga an kawo magani da tufafi, ko don ya ɗauki maganar da wata ma'ana dabam. Taron nan na Listra, da su ke shirin yi wa Bulus hadaya, ba a daɗe ba aka zuga su suka jajjefe shi, suka ja shi bayan gari suna tsammani ya mutu. Don haka wanda ya komo daga Agege yana cewa mutum kaza sun karɓi Ubangiji, ya kamata dattawa su tambaye shi da ƙauna: Da wane harshe ka yi magana? Da wane harshe suka amsa? Wa ya zauna da su kashegari?

3. Shaida daga tarihin ƙasarmu

A farkon 1900 Bishof Tugwell na mishan ɗin C.M.S. ya tashi daga Ikko da abokai huɗu, suka nufi Kano. Waɗansunsu sun riga sun yi watanni a Tarabulus suna koyon Hausa wurin Hausawan da ke can. Duk da haka da suka iso, Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya ba su 'yan kwanaki su fita. Yana da dalilinsa, gama a farkon shekaran nan ne Turawan mulki suka kafa tutarsu a Lakwaja, kowane Bature kuwa abin shakka ne. Suka juyo zuwa Girku, a can ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. In da a nan labarin ya tsaya, da ba wanda zai tuna da shi. Amma Likita Walter Miller, ɗaya daga cikin ayarin, ya sāke dawowa, ya zauna a birnin Zariya tun daga 1905, yana zama da mutane, yana jin maganarsu. Daga wannan zama, da taimakon Hausawa da sauran masu juyi, Littafi Mai Tsarki dukansa ya fito da Hausa a 1932.

Haka kuma samari uku, Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham, suka sauka Ikko a watan Disamba 1893. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma Kanada. Ya sāke gwadawa a 1900, ciwo ya komar da shi. Sai a 1902 aka sami wurin zama a Pategi, a ƙasar Nufe. Daga wannan aiki na S.I.M. ekklesiyar E.C.W.A. ta tsaya da ƙafafunta a 1954. A labarin nan duka biyu, tafiya ta fari ta buɗe idon masu tafiya, amma amfanin gona ya fito ne daga komawa da zama.

4. Hanyar komowa

Yanzu ku duba aya ta 21 zuwa ta 23. Bulus da Barnaba suna Darba. Wanda ya duba taswira zai ga cewa daga Darba akwai hanya ta gabas, ta ratsa duwatsu ta sauka Tarsus, garin Bulus, daga nan kuma Antakiya ba nisa. Ita ce gajeruwar hanyar gida. Ba su bi ta ba. Suka juya suka koma Listra inda aka jefe Bulus, da Ikoniya inda aka ƙulla a jefe su, da Antakiya ta Bisidiya inda aka kore su. Abu uku suka yi: suka ƙarfafa zukatan almajirai, suka faɗa musu a fili cewa akwai wahala a gaba, suka kuma naɗa musu dattawa a kowace ekklesiya da addu'a da azumi. Watau raɓa ta san za ta bushe, sai ta bar aikin a hannun kaba.

Ga abin da wannan ya ke koya wa ƙungiyar da za ta Ajegunle ko Agege. Kafin a tashi, a rubuta wa ekklesiyar da ke can, a tambaye su ko suna so a zo, da lokacin da ya dace, da aikin da su ke bukata. In an isa, a fara gai da shugabannin unguwa yadda ya kamata, gama wanda ya shiga gida ba sallama ba ya samun wurin zama. A yi wa maƙwabta Musulmi magana da ladabi, a tuna cewa baƙo zai hau mota ran Litinin, amma 'yan'uwan da ke can su ne za su ci gaba da ɗiban ruwa a famfo ɗaya da su. Kalma guda ta reni da baƙo ya yar, ɗan gari ne zai yi shekara yana biyanta. Ubangiji ya umurci almajiran da ya aika biyu biyu su zauna gida ɗaya, su ci abin da aka sa a gabansu. In garin rogo ne, a ci da godiya, a kuma tuna cewa mai gadin da ya ciyad da mutum goma mako biyu ya taɓa abincin 'ya'yansa. Kada kuma a yi alkawarin da ba za a cika ba.

5. Labarin da a ke bayarwa a gida

Da suka komo Antakiya suka tara ekklesiya duka, gama ita ce ta aike su, suka ba da labarin abin da Allah ya yi ta wurinsu. Ku lura, Allah ne mai aikin a cikin labarin nan. Haka kuma almajiran nan da suka komo wurin Yesu suna murna don aljannu sun yi musu biyayya, ya juya murnarsu daga abin da suka yi zuwa ga alherin da aka yi musu, cewa an rubuta sunayensu a sama. Labari na gaskiya ya kan ƙunshi ƙofofin da aka rufe, da kuɗin da aka kashe, da sunayen 'yan'uwan da aka bari suna aikin.

Daga baya Bulus ne ya ce wa Barnaba su koma su dubo 'yan'uwa a kowane gari, su ga yadda su ke. Zumunta a ƙafa ta ke. Da ya koma Listra kuwa, a can ya tarar da wani saurayi almajiri wanda 'yan'uwa su ke yabonsa, sunansa Timoti. A garin da aka jefe shi, can ya sami abokin aikinsa na sauran kwanakinsa. Da bai koma ba, da bai same shi ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa Luka ya ambaci harshen Likoniya a aya ta 11?
2. Don me Bulus da Barnaba suka bar gajeruwar hanya suka koma ta garuruwan da aka tsananta musu?
3. In ekklesiyarku ta taɓa aika mutane wani wuri, wa ke kula da waɗanda suka ji Magana a can? Yaushe rabonku da jin labarinsu?
4. Wanne ya fi amfani a wurinku: a aika mutum ashirin sau ɗaya, ko mutum biyu kowace shekara zuwa wuri guda? Ku kawo dalili daga karatun yau.

Addu'a

Mu yi addu'a domin masu bi da ke zaune a Agege da Ajegunle, da fastocinsu da dattawansu, Ubangiji ya ba su haƙuri da zaman lafiya da maƙwabtansu. Mu roƙa domin 'yan ci-rani da ke nesa da iyalinsu. Mu roƙa kuma ya ba ekklesiyarmu aminci, ta tuna da waɗanda ta ziyarta, ta rubuta musu, ta kuma koma wurinsu.